Shafi na Sittin da Biyu

A Mersin, hawa na sha tara,
taga na kallon tashar jiragen ruwa.
Ni Nermin, ni da lissafin ƙarshen shekara,
shayi ya huce a ɗan kofin gilashi
ban ko lura ba.

A nan sama ba ma ƙera komai.
Ko allura. Ko igiyar ɗaure buhu.
Mu arba'in da uku ne, da injin buga takarda,
da tukunyar fure wadda ba mai tuna ta
sai Rifat mai shara.
Amma kamfani goma sha ɗaya ke numfashi a ƙarƙashinmu,
kowanne da tambarin rumman a goshi:
ɓawo ɗaya, 'ya'ya rututu.

Siminti ya yi ƙiba bana,
an yi ta gini daga bakin teku har gindin duwatsu.
Banki ba ya rama,
ko fari ake yi, shi da ruwansa yake kwana.
Jiragen dako sun kai lemo Iskandariya, sun dawo a cike.
Otal biyu sun ci rani sun ƙoshi,
suka ɗauki azumi da shigowar sanyi.
Inshora ta karɓi kuɗin fargaba
daga hannun mutanen da ba abin da ya same su.

Sai shafi na sittin da biyu.
Masaƙa.

Da ita tsoho Dursun ya fara,
inji shida na kwance, rufin kwano mai yoyo,
da audugar Adana da ya ɗauko bashi.
Duk tsawon benen nan daga zare aka murza shi.
Babana ya yi shekara talatin da ɗaya gaban inji na huɗu,
can ya baro kunnensa na hagu.
Yakan dawo da auduga fari fat a gira,
mu ce Baba ya tsufa tun la'asar,
ya wanke fuska, ya koma saurayi.

Ranar Talata jikan Dursun ya miƙe a ɗakin taro,
muryarsa a sanyaye, ba girman kai,
ya ce reshen da ya daina 'ya'ya
yana shanye ruwan 'yan'uwansa.
Ba ƙarya ya yi ba.
Ni na haɗa masa alƙaluman.
Shekara huɗu siminti ke ciyar da masaƙa
kamar ƙane mai hali
da ke aika wa yayansa cefane ta ƙofar baya.

Aka ce in rubuta: an sallama.
Kalma biyu.
Mutum ɗari bakwai da tara.
Na rubuta. Na sake dubawa ko harafi ya ɓace.
Bai ɓace ba.

Da magariba na hau ƙaramar bas.
Na sauka kanti na sayi man zaitun, rumman a jikin kwalba.
Na zari katin banki, rumman.
Matakalar gidanmu simintinsu ce,
bashin gidan ma nasu ne, saura shekara tara.
In na ce zan yi fushi da su
ban san inda zan tsaya in yi fushin ba.

Baba yana baranda, ya juya wa teku baya,
sanye da shuɗiyar rigar da ya saƙa yadinta da hannunsa,
wuya ya koɗe, ɗinki bai saki ba.
Ya ce, "Yaya gidanmu?"
Har yau haka yake kiran su.

Na zagaya ta hagunsa,
na sunkuya, na faɗa masa komai:
ranar da za a kashe injuna,
sunan masu saye, abin da za su gina a filin.
Yana ta ɓare rumman a faranti,
ruwan na bin tsagar yatsunsa.

Sannan na dawo ta dama.
Na ce, "An ci riba, Baba."
Ya gyaɗa kai,
ya tsame mini 'ya'ya bakwai a tafin hannu,
ya ce in ci kafin su bushe.